Wa da ƙane 'yan damfara, da mace mai bauɗaɗɗen hali: a ina fim ɗin yake karyewa?

Ƙaramin Marubuci:
Assalamu alaikum manyanmu. Akwai wani nau'in fim ɗin barkwanci da ake ginawa a kan mutum uku: wa da ƙane waɗanda damfara ce sana'arsu, sai wata mace mai dukiya, mai bauɗaɗɗen hali, wadda suka ɗana wa tarko, ƙanen kuma ya ɓige da sonta. Farkon irin wannan labari kullum daɗi gare shi. Amma da an kai tsakiya sai ya saki, a ƙarshe kuma ko dai ɗan kallo ya harbo jirgin tun da wuri, ko a yi ta juya masa labari har ya ji an raina masa hankali. Ina ciwon yake? A damfarar, a zumuncin, ko a soyayyar?

Tsohon Darakta:
Wa alaikumus salam. Ɗana, fara da damfarar, don yawancin marubuta ba su san yadda take tafiya ba. Suna ɗauka ƙarya ce guda ɗaya ƙatuwa. Alhali aiki ne mai hawa-hawa, kowane hawa da amfaninsa. Wani malamin nazarin harshe a Amurka, David Maurer, ya zauna da 'yan damfarar zamaninsa ya fitar da littafi a 1940, kuma tsarin da ya bayyana shi finafinan nan suke bi har gobe.

Da farko a nemo mutumin, a binciki abin da ya mallaka da abin da ransa ke kwaɗayi. Sai mutum ɗaya ya shiga jikinsa har ya saki jiki da shi. Wannan shi ne mai janyowa. Shi zai kai shi wurin na biyu, na cikin gida, wanda zai ba shi labarin wata haramtacciyar hanyar samun kuɗi da wai ba a faɗuwa a cikinta. Sai a lasa masa zuma a baki: a bar shi ya ci riba 'yar kaɗan, kuɗi na gaske, ya ƙirga da hannunsa. Daga nan a auna nawa zai iya fitarwa, a tura shi ya ɗebo, a karɓe. Sai hawan sallama, kuma ya fi kowanne wuya: yadda za a rabu da shi ya tafi bai kai ƙara ba, ko ma bai san an cuce shi ba.

To dubi rabon aikin. Mai janyowa da na cikin gida, ai ga wa da ƙane nan sun fito da kansu. Ƙane shi ne fuska, shi ke wuni da wadda za a damfara, shi ke cin abinci da ita, shi ke jin damuwarta. Wa yana can nesa da takarda da alƙalami yana tsarawa, zuciyarsa a sanyaye. Don haka soyayyar ba wani abu ba ne da za ka liƙa wa labarin daga waje, illar aikin mai janyowa ce. Wanda aka ce ya yi watanni yana nuna yana so, wata rana sai ƙaryar ta kama shi.

Tsakiya kuwa tana saki ne saboda marubuci ya tsallake hawa biyu: lasa zuma da sallama. Ya haɗa su da matar, ya yi tsalle zuwa karɓar kuɗi, sai ya cike ramin da ke tsakani da yawo da raha marasa aiki.

Mai Sharhi:
Baba ya faɗi gaskiya game da sallama, bari in kawo misali biyu da suka yi hannun riga. A The Sting na 1973, wanda George Roy Hill ya ba da umarni, Paul Newman da Robert Redford suka fito, an gina gidan cacar tseren dawaki na bogi gaba ɗaya, da ma'aikata da 'yan caca duk na haya, don mutum ɗaya tak. An karɓe masa dala rabin miliyan. Amma ba karɓar kuɗin ce ƙololuwar fim ɗin ba. Jami'an tsaro na bogi suka faɗo, aka yi harbi, mutum biyu suka zube cikin jini, aka janye shi da gudu yana waiwayen kuɗinsa. Ya tafi yana ganin ya tsallake rijiya da baya. Wa zai kai ƙara a kan gawa? Fim ɗin ya ci lambar Oscar bakwai, har da ta gwarzon fim.

Na biyu Dirty Rotten Scoundrels na 1988. Michael Caine yana yaudarar mata masu kuɗi a gaɓar tekun Faransa da sunan shi yarima ne. Idan ya karɓi kuɗin, matar na jiran aure, sai ya gabatar mata da "ƙanensa", Steve Martin, a matsayin wani taɓaɓɓe da dole a zauna da shi gida ɗaya. Matar da kanta take tattara kayanta. Sallama ce ita ma, amma an mai da ita wurin dariya mafi girma a fim ɗin. Har masanin zamantakewa Erving Goffman ya yi rubutu a 1952 a kan wannan hawa kaɗai, wato yadda ake sanyaya wa wanda aka damfara zuciya ya haƙura.

A labarinka, ƙanina, tambayar ita ce: yaya wan ya tsara za a sallami matar? Nan ne rikicinsu zai fashe, don ƙanen shi ne ba ya son a sallame ta.

Mai Tace Hoto:
Ni ta ɓangaren raina hankalin ɗan kallo zan shigo, don a teburin tacewa ake gane shi. Ƙa'ida ɗaya ce: fim yana da damar ya ɓoye, ba shi da damar ya yi ƙarya. Jarumai su yi wa juna ƙarya son ransu. Amma kyamara ba ta ƙarya. Idan ka nuna wa da ƙane su kaɗai a ɗaki, babu wanda ke jinsu, suna faɗa kamar za su cinye juna, daga baya ka ce ai faɗan yana cikin shiri, to wa suke yi wa wasan? Babu kowa a ɗakin sai ɗan kallo. Ka yi masa ungulu da kan zabo ke nan, kuma ba zai yafe ba.

Gwajin mai sauƙi ne. Ɗauki kowace fitowa da daga baya za ta zama ƙarya, ka tambaya: wa ke cikinta da ake son ya yarda? In akwai shi, ko da a bayan ƙofa yake laɓe, fitowar halal ce. In babu, yanke ta ko ka saka shi.

Sannan duk abin da zai warware ƙarshe sai an shuka shi. Sau uku ya fi: na farko a cikin raha, yadda za a yi dariya a manta, na biyu a gefen hoto, hankali yana wani wuri, na uku ranar girbi. Sau ɗaya, ɗan kallo ba zai tuna ba, sai ka koma kana maimaita masa hotunan baya kamar mai karanta darasi. Sau biyar, ya riga ka isa.

Ƙaramin Marubuci:
Hajiya, na gode. To shirin damfarar fa, a gaya wa ɗan kallo tun farko ko a ɓoye masa? In an gaya masa babu mamaki, in an ɓoye babu dariya.

Mai Tace Hoto:
Ka amsa rabin tambayarka. Shahararren darakta Alfred Hitchcock ya taɓa misaltawa da bam a ƙarƙashin tebur: in ɗan kallo bai san da shi ba, zai firgita na 'yan daƙiƙu, in ya sani, zai yi mintuna zuciyarsa na dukan uku-uku. Barkwanci ma haka yake, yana son ɗan kallo ya san abin da wani a cikin hoton bai sani ba. Don haka ka gaya masa mafi yawan shirin, ka riƙe kaso kaɗan. Akwai tsohuwar dabara: shirin da aka zayyana a gaban ɗan kallo dole ya rushe, wanda aka ɓoye shi ke yin nasara.

Yi wannan aiki kafin ka rubuta layi ɗaya na magana. Ja layi huɗu a takarda: wa, ƙane, matar, ɗan kallo. A kowace fitowa rubuta abin da kowannensu ya sani. Za ka ga abin mamaki: duk inda layukan huɗu suka zo daidai, nan ne fim ɗin ke mutuwa. Tsari mafi ƙarfi shi ne ɗan kallo ya fi matar sani a kashi na farko, ya yi daidai da ƙanen a na biyu, a na uku kuma shi da ƙanen duka su rasa gane ko abin da ke faruwa shirin wan ne ko gaske ne. Juyi manya biyu sun isa. Na uku yana sa ɗan kallo ya janye zuciyarsa, ya harɗe hannu yana jiran na huɗu, kuma daga nan ko wa ya mutu ba zai motsa ba.

Tsohon Darakta:
Bari in dawo kan zumuncin, don na ga ana neman a mai da shi ado. Fim ɗin da ya fi kama wannan fasali shi ne The Brothers Bloom na Rian Johnson, wanda aka fara nunawa a bikin finafinai na Toronto a 2008. Mark Ruffalo ne wan, Adrien Brody ƙanen, Rachel Weisz matar. Dubi mintunansa na farko. Marayu ne, ɗaya shekara 13 ɗaya 10, ana ta mai da su daga gidan riƙo zuwa wani. Ƙanen ya ga wata yarinya, kunya ta hana shi magana. Sai wan ya tsara damfara a kan yaran garin, ya rubuta wa ƙanen rawar yaron da bai jin kunya, kuma hawa na farko a shirin shi ne ya je ya yi wa yarinyar magana. Ka gani? Damfarar farko kyauta ce daga wa zuwa ƙane. Kuma ita ce cutar: daga ranar ƙanen bai ƙara yin wani abu da ba wan ne ya rubuta masa ba.

Wannan shi ne abin da 'yan'uwan jini suke ba ka wanda abokan sana'a ba su da shi. Abokin sana'a in ya gaji sai a raba kuɗi kowa ya kama gabansa. Ƙane ba zai iya ba, akwai bashin raino a wuyansa. Wan kuma ba mugu ba ne, a ganinsa kariya yake yi. In ka mai da shi mugu ka kashe labarin, don kowa zai ce wa ƙanen tafi mana, me kake jira?

Fitowa uku ba su da makawa. Ɗaya da ke nuna sun ƙware tare har ba sai sun yi magana ba, kallo kaɗai ya isa. Ɗaya da ƙanen ya ce ya bari, wan ya yi murmushi don ya ji haka sau goma. Da ɗaya da wan ya yi wani abu da ya jawo masa asara ta gaske saboda ƙanen, ba tare da ya faɗa ba. Ta ukun nan ita marubuta ke mantawa, sai ƙarshe ya zo ana neman hawaye babu inda aka ajiye su.

Mai Sharhi:
Baba, na yarda da farkon fim ɗin, amma matar a nan nake da ja. An loda mata abubuwa har sun yi yawa: tana kaɗa kayan kiɗa iri-iri, tana jin harsuna, tana wasan cafe da zarto mai inji, tana yin kyamara da kankana, tana faɗa wa bango da motar alfarma. Wannan ba mutum ba ce, kantin kayan mamaki ce. Cutar da ke kama wannan nau'in ke nan: a rasa abin da za a ba mace, sai a rataya mata bauɗiya iri goma a ce ga hali.

Mai Tace Hoto:
Malam, cutar gaskiya ce, amma misalin bai zauna ba. Bauɗiya tana zama kaya ne idan ba ta da tushe kuma ba ta da aiki. Ita wannan an ba ta tushe: an kulle ta a gida tun tana ƙarama saboda kuskuren likita, ta girma ita kaɗai cikin ƙaton gida, tana koyon abubuwa daga littattafai. Duk abin da ta iya, abin da mutum zai koya shi kaɗai ne. Abin da ba ta iya ba shi ne hira. To ka haɗa ta da mutumin da hira ce kaɗai sana'arsa amma bai taɓa yin wani abu don kansa ba. Kowa yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa.

Ga ma'aunin da zan ba ƙaninmu. Bauɗiya uku sun isa. Kowace ka amsa mata tambaya biyu: me ya haife ta, kuma a wace fitowa za ta ɓata shirin wan? Domin amfanin mace mai bauɗaɗɗen hali a labarin damfara shi ne ba ta lissafuwa. Damfara tana tafiya ne a kan sanin abin da mutum zai yi. Mai kwaɗayi an san hanyarsa, kwaɗayi mabuɗin wahala. Amma wadda kuɗi ba su dame ta ba, abin da take nema kawai ta fita daga gida ta ga duniya, da me za ka riƙe ta? Ka ce mata akwai haɗari don ta ja da baya, sai ta ƙara matsowa. Nan dariyar take, kuma nan ne tsakiyar da ake kuka da ita take samun abin ci.

In kana son ka ga an juya rabon, nemi The Lady Eve na 1941. Barbara Stanwyck ce 'yar damfarar, ita da mahaifinta suna cin mutane da karta a jirgin ruwa, Henry Fonda kuma magajin dukiya ne da bai san komai ba sai macizai. Akwai fitowar da uban ke maguɗin karta don ya tatse saurayin, ita kuma tana maguɗi don ta kare shi, shi gogan yana zaune a tsakiya bai san ana yaƙi a kansa ba. Ba ta ce tana son sa ba, hannunta ya faɗa. Haka ake nuna soyayyar ɗan damfara: ba da kalma ba, don kalmarsa ba ta da daraja, sai da asarar da ya zaɓa.

Mai Sharhi:
Na karɓi zancen tushe da aiki. Amma ina nan a kan bakana cewa an wuce uku a can, kuma an biya kuɗinsa: akwai wurin da ta fito da abin da ake nema daga hannun 'yan sanda ba a nuna yadda ta yi ba. Wasu na ganin raha ce, ni ina ganin marubuci ne ya shiga lungu ya rasa mafita.

Ɗan Kyamara:
Ku ba ni wuri in yi maganar ɗauka. Abu uku.

Rufa-ido da hannu, ko karta ko musanya jaka ko zare walat, a ɗauke shi a hoto ɗaya ba yanka. Da ka yanka, ɗan kallo ya san mai tacewa ne ya yi dabarar ba jarumi ba. In jarumin ba zai iya ba, a ba shi makonni yana atisaye, ko a kawo gwani a ɗauki hannunsa. A The Sting hannun John Scarne, masanin karta, aka yi amfani da shi a wurin da Newman ke gwada gwanintarsa. In za a yi haka a daidaita hannun riga, zobe da launin fata, kuma a haɗa hoton ta hanyar motsin kyamara ko wani abu da ya gifta.

Na biyu, dariya tana son faɗi. Mutum uku a hoto ɗaya: mai ƙarya, wadda ake yi wa, da wanda ya san ƙarya ce yana ƙoƙarin riƙe fuska. Fuskar na ukun ita ce dariyar. In ka rarraba su kowa da hotonsa na kusa, ka zubar da ita. Ajiye hoton kusa don lokacin da ƙanen ya daina wasa, kada ya wuce sau huɗu ko biyar a fim ɗin duka, sai ya yi nauyi.

Na uku, kuɗin aiki. Irin wannan fim yana cin sutura da wurare, don kowace damfara sabon suna ne da sabuwar shiga. In aljihu bai da nauyi, bi tsarin gidan bogi: wuri ɗaya da za a nuna shi fanko, a nuna ana ƙawata shi, a nuna shi cike, a nuna an kwashe cikin mintuna. Fitowa huɗu masu daɗi daga ɗaki ɗaya.

Mai Kallo Kawai:
Ku gafarce ni malamai, duk wannan gwaninta a kan yadda za a sa mutane su so macuta ake yi. Ba koyar da damfara ba ne wannan?

Tsohon Darakta:
Tambayar ba sabuwa ba ce. A Amurka daga 1934 zuwa 1968 akwai dokar tace finafinai ta kamfanonin fim da kansu da ta hana a nuna laifi ya yi riba, shi ya sa 'yan damfarar finafinan wancan zamani ko su tuba ko soyayya ta shiryar da su. Bayan an ɗage ta ne suka samu damar tafiya da kuɗin. Amma ko yanzu ɗan kallo yana da tasa dokar, kuma marubuci ya karya ta ya ga fim ya faɗi. Wanda za a damfara dole ya fi 'yan damfarar muni: a The Sting sai da aka nuna ya sa an kashe mutum, aka kuma nuna yana maguɗin karta, kafin a karɓe masa rabin miliyan ɗin. A Paper Moon, shi ma na 1973, mutumin yana sayar wa matan da mazansu suka rasu Baibul da ƙaryar mamacin ne ya yi oda, amma yarinyar da ke tare da shi tana ba matalauciya kyauta, ta tsawwala wa mai hali. Tatum O'Neal ta ci Oscar da wannan rawa tana shekara 10. A Bunty Aur Babli na Indiya, 2005, har Taj Mahal suka sayar wa wani baƙo, ƙarshe kuma ɗan sandan da ya bi su ya mai da su masu taya shi kamun 'yan damfara.

Sai dai in faɗi abin da finafinan ba sa faɗa. Zancen nan na cewa mai gaskiya ba ya damfaruwa, 'yan damfara ne suka ƙirƙire shi don su yi barci. A zahiri ana cutar tsofaffi da masu kaɗaici da masu tausayi. Shi ya sa labarin da matar ba ta da kwaɗayi ya fi wuyar rubutu: babu uzuri. Dole wani ya biya, kuma ba ita ba.

Ƙaramin Marubuci:
Baba, in rubutun shafi 105 ne, yaya za a raba?

Tsohon Darakta:
A lissafin shafi ɗaya minti ɗaya. Goma na farko, ƙaramar damfara cikakkiya daga janyowa har sallama, don ɗan kallo ya koyi dokokin wasan. Zuwa shafi 25 ƙanen ya ce ya bari, wan ya jawo shi da alkawarin wannan ce ta ƙarshe. Kada matar ta wuce shafi 25 ba ta bayyana ba. Daga 30 zuwa 50 janyowa da lasa zuma, tana ɓata shiri sau biyu ba da sani ba. Wajen 52 zuwa 55 reshe ya juye da mujiya: ko ta gano, ko ta nemi a saka ta cikin sana'ar. Wajen 75 a gwada sallama ta ƙi. Abin da ya rage na wa da ƙane ne. In ka ga soyayya ce ke rufe fim ɗin, zumuncin ya ƙare tun shafi 80, ka rubuta wani fim daban.

Mai Kwalliya:
Tunda mutuwar bogi ita ce sallamar da aka fi yi, bari in faɗi abin da ke hannuna. Wanda bai ga The Brothers Bloom ba ya tsallake wannan. 'Yan damfarar da Maurer ya rubuta suna cusa 'yar jaka mai jinin kaza a baki, a fasa da haƙori idan an yi harbin bogi. Na fim kuwa: kofi ɗaya na ruwan sikarin masara mai kauri, babban cokali ɗaya na ruwa, ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu na jan kalar abinci, ɗigo biyu ko uku na shuɗi, da ɗan garin koko don ya dushe. Ba shuɗi da koko, zai fito ja fes kamar alewa. Wanda zai shiga baki kada a sa masa sabulu ko wani abin da ba a ci.

Ga inda sana'a ta zama labari. Jinin gaske in ya sha iska, ƙarfen da ke cikinsa yana sa ya koma ruwan ƙasa cikin 'yan awoyi. Na bogi yana nan ja. Fim ɗin ya shuka wannan tun da wuri a cikin hira. A ƙarshe an harbi wan, ya tashi yana dariya ya ce wa ƙanen duk shiri ne, ya rungume shi ya sallame shi da matar. Suna cikin mota, ƙanen ya farka ya dubi tabon da ke rigarsa, ya koma ruwan ƙasa. Wato sallamar ƙarshe ƙanen aka yi wa.

Mai Sharhi:
Anti, nan ma ina da ja. An kira mutane dariya, an sallame su da gawa. Dirty Rotten Scoundrels ya fi cika alkawari: matar da suka yi caca a kan wa zai fara tatsar dala 50,000 daga hannunta, ita ce ta kwashe su duka biyun, gaba da gabanta, kowa ya fita yana dariya.

Mai Tace Hoto:
Can ba 'yan'uwa ba ne, Malam, kishiyoyin sana'a ne, babu bashin da za a biya. Nan kuwa muddin wan yana raye da alƙalami a hannu, ƙanen ba zai taɓa sanin ko matar ma rubuta masa ita aka yi ba. Ba lallai sai mutuwa ba. Kurkuku ya isa, ko ya ɗauki laifin ya ɓace. Sharaɗin kawai ya zama asarar da ba ta warwaruwa, kuma a fara rage dariya tun wajen shafi 80, kada a kashe fitila farat ɗaya.

Mai Kwalliya:
In za ka bi hanyar tabon, ƙanina, tanadi riga iri ɗaya aƙalla shida: biyu masu tsabta, biyu masu jan tabo, biyu masu ruwan ƙasa, a zana tabon da kwali guda don siffarsa kada ta canza. Kuma ka gaya wa mai gyaran launi tun kafin a fara. In ba haka ba zai ga ja a wannan fitowa, ruwan ƙasa a waccan, ya ɗauka kuskure ne ya daidaita maka su.